Kafin Ka Ɗora Farantin Sola a Kan Kwanonka

Ƙannena maza da mata na Birnin Kebbi da Argungu, ku da kuka fara ɗora bulo a filayenku na Badariya da Gesse da Bayan Kara, da ku da nauyin gidan iyaye ya fara dawowa wuyanku, maganar wuta nake so mu yi. Farantan sola sai ƙaruwa suke yi a kan rufin gidaje, kuma a kowace majalisa za ka ji saurayi yana cewa da zarar kuɗi sun shigo shi ma sai ya saka. Ina tare da ku a wannan niyya. Abin da ke damuna shi ne yawancinku da tambayar farashi kuke farawa. Mutum ya shiga shago ya ce, "Nawa ne sola na gida?" Mai shago ya dubi takalminsa da wayar hannunsa, ya yanka masa kuɗi daidai aljihunsa, a haɗa masa kayan da ba su san gidansa ba. Bayan shekara ɗaya da rabi batir ya mutu, fanka ta tsaya ƙarfe biyun dare, mutumin ya koma majalisa yana cewa sola yaudara ce. Rana ba ta yaudare shi ba, lissafin da ya tsallake ne ya biyo shi.

Dalilin wannan ƙishirwa ba ɓoyayye ba ne. Babban layin da ke ciyar da mu daga madatsar Kainji yake tasowa ya sauka a tashar Birnin Kebbi, daga nan a raba, wani reshe ya nufi Sakkwato, wani ya tsallaka iyaka zuwa Yamai. A watan Satumban 2023 gobara ta cinye manyan taransifoma biyu a tashar nan, Kebbi da Sakkwato da wani yanki na Zamfara suka afka cikin duhu. Wannan ya zo ne 'yan watanni bayan cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, lokacin da litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce naira 1,000. A watan Afrilun 2024 hukumar NERC ta ɗaga kuɗin wutar masu rukunin A, waɗanda aka yi wa alkawarin awa 20 a rana, daga naira 68 zuwa 225 a kan kowane yunit, kafin a ɗan sassauta. Matsakaicin janareta na gida yakan sha kusan lita ɗaya a awa idan an ɗora masa kaya. Kunna shi awa huɗu kowane dare, ka sha lita 120 a wata. A naira 1,000 kowace lita, naira 120,000 ke nan, alhali mafi ƙarancin albashin da gwamnatin Kebbi ta amince da shi a 2024 naira 75,000 ne. Ban sa kuɗin baƙin mai da na makanike ba, ban kuma sa hayaƙin da ya sha kashe iyali guda a cikin barcinsu ba. Don haka wanda ya ɗaga kai ya dubi rana bai yi wauta ba. Allah Ya hore mana ita fiye da yawancin ƙasashen da suka ƙera farantan.

To amma kafin ka taka ƙofar kowane shago, ɗauki biro da takarda ka zagaya gidanka ɗaki-ɗaki. Kowane abu mai jan wuta yana da lamba a jikinsa da ke nuna wat nawa yake ci. Rubuta lambar, ka rubuta awa nawa ake kunna shi a yini da dare, ka ninka su. Ka faɗa wa takardar gaskiya, ka kuma yi lissafin da watan Afrilu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 fanka ba ta hutawa, kada ka yi shi da watan Disamba da kowa ke neman bargo.

Bari in ɗauki gida madaidaici. Fankar sama huɗu, kowace wat 75, awa goma: wat-awa 3,000. Ƙwan fitila goma masu wat 10, awa shida: 600. Talabijin da dikodarta, awa biyar: kamar 400. Firiza a zafinmu za ta iya cin 1,500 a yini. Injin jan ruwa mai wat 750, awa ɗaya: 750. Cajin wayoyi, sa 100. Jimla 6,350, wato yunit shida da ɗoriya, irin yunit ɗin da mitarka ke ƙirgawa. Wannan lamba ita ce gidanka, ita za ka kai wa mai shago. Farantin da aka rubuta masa wat 550, a ranarmu mai ƙarfin awa biyar da rabi, bayan an cire abin da zafi da ƙura da waya da inbata (na'urar da ke juya wutar batir ta zama irin ta gida) ke ci, zai ba ka yunit biyu da 'yan kai a yini. Uku za su riƙe gidan da ƙyar, huɗu za su ba ka sararin numfashi a ranar hazo. Yanzu sai ka ware abin da ake ci bayan faɗuwar rana, domin shi batir zai ɗauka. A gidan nan zai kai yunit huɗu, kuma fiye da rabinsa fankoki ne.

Ku tsaya a kan fankokin nan, domin a nan kuɗi ke ɓoye. Akwai fankoki na zamani da ke cin wat 30 ko ƙasa, suna ba da iska daidai da tsofaffin. Idan ka canza huɗun nan, abin da suke ci da dare zai faɗo daga yunit biyu da rabi zuwa kamar ɗaya. Ga shi fanka huɗu sun rage maka buƙatar batir guda. Haka tsohuwar firizar da robar ƙofarta ta saki, haka ƙwan fitila mai zafi da har yanzu ke rataye a zaure. Duk naira da ka kashe wajen rage ci ta fi wadda ka kashe wajen ƙara faranti albarka. Ba kowane mai shago zai gaya maka haka ba, shi ma kayansa yake son sayarwa. Dutsen guga da hitar ruwa da risho na lantarki kuwa, kowannensu yana jan wat 1,000 zuwa 2,000 shi kaɗai. Ka fitar da su daga layin sola tun wajen wayarin, ko kuma a kafa doka a gida cewa guga da jan ruwa sai tsakanin hantsi da azahar, lokacin da faranti ke zubo wuta kai tsaye ba tare da an taɓa batir ba. Na'urar sanyaya ɗaki magana ce daban. Guda ɗaya da za ta kwana a kunne tana iya cin abin da duk sauran gidan ke ci, wanda ke son ta sai ya ninka lissafinsa tun farko.

Batir shi ne inda yawancin kuɗin mutanenmu ke mutuwa, don haka zan daɗe a kansa. Shi ne rumbun gidan: abin da aka girbe da rana a ciki ake zubawa, da dare a ɗiba, kuma manomin kirki ba ya cinye har da irin shuka. Batirin ruwa dogo da ake kira tubula, mai bolt 12 da amfiya 220, a takarda yana ɗauke da yunit biyu da rabi da 'yan kai. Rabi kawai ya halatta ka taɓa. Idan kana tatse shi kowane dare har inbata ta yi kuka ta mutu, shekarun da aka yi maka alkawari ba za ka ga rabinsu ba. Gidan da muka lissafa, mai cin yunit huɗu da dare, yana buƙatar irin wannan batir huɗu, ba biyun da aka saba haɗa wa mutane don farashi ya yi daɗin ji ba. Sannan ga zafi. Masu ƙera batirin dalma da digiri 25 suke auna rayuwarsa, kuma duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan haka yana raba rayuwar biyu. Yanzu ku tuna yadda sito mai rufin kwano, marar taga, yake a Birnin Kebbi a watan Afrilu. Wanda ya kulle batir a irin wannan ɗaki ya yanke masa hukunci da hannunsa. A nema masa wuri mafi sanyi a gidan, mai shigar iska, a ɗora shi kan katako ko teburin ƙarfe. Kada ya kwana ɗaki ɗaya da mutane, kada ya kusanci murhu, domin lokacin caji yana fitar da iska mai kama wuta. Ruwansa yana ƙonewa, a bazara duba shi kowane wata, kuma ruwan batir tatacce kawai ake ƙara masa. Ruwan leda da na rijiyar burtsatse suna ɗauke da gishirin da ke lalata shi a hankali, asid kuma ba a ƙara shi.

Batirin litiyam, nau'in da ake sa wa sola, ya fi tsada ranar saye. Amma ana iya cin kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari na abin da ke cikinsa, ba ya neman ruwa, yana jure caji da saukewa sau dubbai. Guda ɗaya mai yunit biyar zai yi aikin tubula huɗun can. A ra'ayina, wanda zai iya haƙurin 'yan watanni ya cika kuɗinsa, litiyam ya fi masa, domin kafin ya tsufa mai tubula ya canza nasa sau biyu ko fiye. Shi ma ba ya son zafi, shi ma akwai jabunsa, akwai waɗanda tsofaffin ƙwayoyi aka tattaro aka zuba a sabon akwati mai sheƙi. Sayen nagari mai da kuɗi gida, amma sai ka san hanyar gane nagarin.

Ga kaɗan daga hanyoyin. Faranti ba ya iya ɓoye girmansa. Murabba'in mita ɗaya na faranti mai kyau wat 200 zuwa 220 yake bayarwa, saboda haka mai wat 550 na gaskiya tsawonsa ya wuce mita biyu, faɗinsa ya ɗara mita ɗaya, nauyinsa ya kusa kilo 30. Idan aka nuna maka wanda yaro zai rungume da hannu ɗaya an manna masa takardar wat 500, takardar ce ta ƙarya. Je da awo a aljihunka. Batirin tubula na gaskiya mai amfiya 220 yakan kai kilo 60, dalmar cikinsa ce nauyin, wanda ya yi sakayau an rage masa ita. Duba ranar da aka ƙera shi, domin wanda ya shekara a shago ba caji ya fara mutuwa tun kafin ka biya. Waya kuma ka kankare bakinta da wuƙa: jan ƙarfe na gaskiya ja ne har ciki, na jabu fari ne aka shafa masa ja a sama. Kayan nan yawanci daga Sin ake shigo da su, su sauka Legas, su bi ta kasuwar Alaba ko Sabon Garin Kano kafin su iso mana, kuma mai kyau da marar kyau mota ɗaya suke hawa. Ka sayi kaya a wurin wanda ke da shago tsayayye da za ka iya komawa, ya rubuta maka lambar kowane kaya a rasit, ya rubuta garantin wata nawa ne da kuma wanda zai ɗauki nauyi. Alkawarin shekara 25 da ke jikin faranti na kamfanin da ke wata nahiya ne. Wanda zai amsa sallamarka shi ne mai shagon.

Maganar inbata ba sai na ja ta ba. Firiza da injin ruwa suna fizgar wuta ninki uku ko fiye a daƙiƙar da suka tashi, don haka a zaɓi wadda za ta jure wannan fizga. Kada kuma a sayi ƙatuwa don burga, domin ita kanta tana cin wuta ko ba a kunna komai ba, babba tana iya lashe yunit guda a yini tana zaune. Kwantirolar caji irin wadda ake kira MPPT ta fi tatso abin da faranti ke da shi, bambancin kuɗinta yana dawowa.

Sai hawa sama. Garinmu yana kimanin digiri 12 da rabi arewa da tsakiyar duniya, saboda haka faranti kudu yake fuskanta, wato hannun damanka idan ka fuskanci alƙibla, a ɗan karkace digiri 10 zuwa 15. Daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta rana takan ɗan ratsa ta arewa da mu da tsakar rana, shi ya sa ba a tsayar da shi sosai kamar yadda za ku gani a hotunan Turai. Ba a kuma shimfiɗa shi kwance, ƙura da ruwa za su zauna a kansa. Mutane da yawa suna zaton zafin rana ne ke ba da wuta. Haske ne ke bayarwa, zafi ragewa yake yi. Duk digiri ɗaya da faranti ya haura a kan 25 yana rasa kusan kashi ɗaya bisa uku na ɗaya cikin ɗari na ƙarfinsa, kuma wanda aka manna a jikin kwano a bazara yana iya kaiwa digiri 65 ko 70. A bar masa tazarar aƙalla tafin hannu a ƙarƙashi iska ta riƙa wucewa. A kula da inuwa: reshen dogon yaro, tankin ruwa, kwandon tauraron ɗan'adam, katangar benen maƙwabci. Ƙwayoyin faranti a jere suke haɗe, inuwar da ta rufe gefe ɗaya tana ja wa dukan layin baya. Ka tsaya a wurin da safe, da azahar, da la'asar, ka ga inda inuwa ke faɗawa kafin a huda kwano.

Iskar farkon damina kowa ya san ta, kowace shekara sai ta yaye rufin gidaje da makarantu a jihar nan. Farantin da aka ɗaure da wayar ɗauri ko aka kafe a jikin kwano kaɗai zai tashi, wani lokaci ya tafi da kwanon. Dole ƙarfen da ke riƙe shi ya kama katakon rufi ko ƙarfensa, a toshe kowace huda da kyau don kada damina ta same ka a kan gado. Idan rufin ya tsufa, ko gara ta ci katakon, gyara shi tukuna. Ni dai inda fili ya samu na fi son rumfar ƙarfe a tsakar gida, a jera farantan a kanta. Ga inuwa ta samu ga mata da yara, ga wankin farantan ya zo da sauƙi, ga ɓarawo sai ya shigo cikin gida kafin ya kai gare su. Idan kuwa sama za a hau, a aika wa maƙwabta tun da wuri cewa maza za su hau rufi, iyalinsu su kintsa. Haƙƙi ne da iyayenmu ba su taɓa wasa da shi ba, sabon kaya bai soke shi ba.

Wanda zai yi maka aikin ya fi kayan muhimmanci. Yau duk wanda ya taɓa riƙe filaya yana kiran kansa injiniyan sola. A cikinku akwai waɗanda suka karanta lantarki a Kwalejin Waziri Umaru, akwai waɗanda suka koya a hannun ƙwararru, akwai kuma hukumar NEMSA da ke ba masu wayarin takardar shaidar ƙwarewa. Tambayi takardar. Abin da ya fi ta ma, ka ce ya kai ka gida biyu da ya yi wa aiki shekara biyu da suka wuce, ka gaisa da masu gidan, ka tambaye su ƙarfe nawa wutarsu ke kaiwa da dare. Mai aikin kirki zai fara da tambayarka abin da kake kunnawa. Zai sa waya mai kauri tsakanin batir da inbata, zai sa fis da bireka na wutar batir, waɗanda daban suke da na wutar NEPA, domin tartsatsin wutar faranti idan ya kama ba ya mutuwa da kansa. Zai kafa sandar ƙarfe a ƙasa ya haɗa ta da kayan, ya sa na'urar kare tsawa. Waɗannan ƙananan abubuwa su ake fara yankewa idan mai gida ya matsa a rage kuɗi, su ne kuma ke tsakanin iyalinka da gobara. Kada ka cire mitarka don fushi. A watan Agusta hadari yakan rufe sama kwana biyu ko uku a jere, ranar nan wutar kamfani za ta cika maka batir. A dai sa makunnin canji mai kyau, yadda wutarka ba za ta koma kan layi ta kama ma'aikacin da ya hau fal yana zaton babu wuta ba.

Bayan an gama, a tara mutanen gida a yi musu bayani, musamman uwargida, domin ita ke yini da kayan, kai kana kasuwa ko ofis. Ta san lambar da idan batir ya sauko gare ta za a kashe firiza, ta san abin da kukan inbata ke nufi, ta san makunnin da ake kashewa idan an ji ƙauri. Gidajen da sola ke daɗewa, idan ka bincika, za ka tarar akwai mace a ciki da ta fahimci abin. Da yawa ma sun mai da shi jari. A shekarun da azumi ya faɗo a Maris da Afrilu, ƙanƙara da zoɓo da kunun aya mai sanyi sun biya wa gidaje da dama wani kaso na kuɗin kayan. In da wannan niyya, a sa ta cikin lissafi tun farko, kada a ɗoro firiza ta biyu a kan abin da aka auna wa ɗaya.

Wankin faranti shi ne aikin kullum. Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu tana kwanciya a kan gilashi, ga hazo ya rage hasken tun daga sama, sai ka ga batir bai cika ba har la'asar. A wannan lokaci a wanke kowane mako, da sassafe ko bayan rana ta yi sanyi, da ruwa mai tsabta da tsumma mai laushi. Ruwan sanyi a kan gilashin da ya gasu yana iya tsaga shi, soson ƙarfe da yashi suna karce shi, kashin tattabara kuma ba a barinsa ya bushe ya zauna. Kada a tura ƙaramin yaro kan jiƙaƙƙen kwano. Kafin damina a duba kusoshi da bakin wayoyi, a ɗaure abin da ya saki.

Yanzu biyan kuɗi. Kayan nan da dala ake shigo da su, tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 kuma farashinsu da ita yake tashi da sauka, don haka farashin da aka ba ka yau na 'yan kwanaki ne. Hanya mafi kwanciyar hankali ita ce ka tara ka saya, ko ta adashi, ko ta ƙungiyar taimakon juna ta wurin aiki. Za ka iya farawa da kaɗan, fitilu da fankoki da caji, da inbatar da ke da wurin ƙari, daga baya ka ƙaro faranti. Batir ne kawai ba a ƙara sabo a kan tsoho, tsohon zai ja sabon ya tsufa tare da shi. Wanda ke gudun riba, akwai bankunan da ba sa mu'amala da kuɗin ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012 da TAJ da ya biyo a 2019, masu tsarin murabaha, inda banki ke sayen kaya ya sayar maka da ribar da aka sani, ka biya kashi-kashi. Akwai kuma kamfanonin da ke ba da ƙananan kaya kana biya ta waya mako-mako ko wata-wata, in ka daina biya na'urar ta kulle. Ko wacce ka bi, tambaya ɗaya ce: idan na gama biya, jimla nawa na biya? Sa a rubuta maka, ka gwada da farashin hannu da hannu, ka gwada biyan wata da abin da kake kashewa a fetur yanzu. Idan biyan ya fi kuɗin fetur nesa, kayan sun fi ƙarfinka, rage su. Ban yarda mutum ya sayar da gonarsa ta fadama don fanka ta juya ba. Gonar ita ce za ta saya maka batir na gaba.

Batir na gaba kuwa yana nan tafe, kuma shi ne bashin da ba a rubuta ba. Daga watan da aka kunna maka wuta, riƙa ware wani abu daga kuɗin fetur da ka huta da biya, ka ajiye shi da sunan batir. Mai aiki kuma kada ka biya shi duka rana ɗaya. Ku yi yarjejeniya a rubuce gaban shaida, ka ba da kafin alƙalami, ka riƙe wani kaso sai kayan sun yi mako suna kai ku asuba.

Da yawanku a gidan iyaye za ku saka, kuma wannan alheri ne babba, tsoho ya samu iska a daren bazara, tsohuwa ta samu ruwan sanyi. Amma a faɗa a fili, gaban 'yan'uwa, ko kyauta ce ka yi wa iyaye ko kayanka ne ka ajiye, domin ranar rabon gado maganar za ta taso. A kuma san wanda zai ɗauki nauyin wanki da ruwan batir da canji. Idan ɗakunan 'yan'uwa za su ja, kowane ɗaki a sa masa bireka daidai rabonsa, ya fi a riƙa rigima a kan wanda ya kunna hita da dare. Ɗan haya ya nemi izinin mai gida a rubuce, ya yi abin da zai iya kwancewa ya tafi da shi. Maƙwabci da zai kawo waya caji ko ya ajiye maganin yaro a firiza, buɗe masa ƙofa, abin da zai ci bai taka kara ya karya ba. Jan waya ta kan katanga zuwa wani gida ne ba na so, haɗari ne, kuma lissafinka zai rushe.

Idan batir ya mutu, kada a fasa shi a gida, kada a zubar da ruwansa a kwata ko kusa da rijiya, kada a bar yara su yi wasa da abin cikinsa. Dalma ce, gubar da a 2010 ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara, lokacin da ake niƙa duwatsun zinare masu ɗauke da ita a tsakar gidaje. Ba ta da wari, kuma yaron da ta shiga jininsa ko ya rayu tana iya taɓa masa ƙwaƙwalwa har abada. Tsohon batir yana da kuɗi, masu sayar da sabo da yawa suna karɓarsa su rage maka farashi. Mai da shi a rufe yadda yake, a tsaye, kuma tun ranar da kake sayen sabon ka tambayi mai shagon ko zai karɓi tsohon idan lokacinsa ya yi.